Ajamin Farfesa Ɗangiwa

Marka mai ƙosai ta riga ta miƙo mini ƙunshin ƙosan kafin in lura da takardar. Mai ya jiƙa tsakiyarta har ina ganin inuwar yatsuna ta baya, amma a saman shafin sunan yana nan da ƙananan haruffan Turanci: S. Ɗangiwa, sai lamba 47. Na san shafin. A shekarata ta uku a jami'a an sa mu karanta shi, an kuma yi mana jarrabawa a kansa.

Na tambaye ta inda ta samo takardar, sai da ta ce in ɗaga murya kafin ta ji. Ta nuna gidan da ke jikin namu da matsamin da ke hannunta, ta ce Inna Batula ta ba ta kwali guda jiya, wai gara ta shiga ɗakin karatun ƙanenta, gwamma a amfana da su.

"Takardag ga na da kyau," in ji ta. "Ba ta yagewa, ga shan mai."

Farfesa Siddiƙ Ɗangiwa ya dawo Tambuwal shekara huɗu kafin wannan safiyar. Ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da kimiyyar siyasa. Ya yi digirin digirgir a Ingila, ya tsaya gaban taruka a ƙasashen da ni a taswira kawai na san su, yana bayani a kan abu ɗaya: dalilin da ya sa ƙasar da ke zaune a kan man fetur ko zinari ko yuraniyom take kwana da yunwa, wasu can nesa su ƙoshi. A unguwarmu kuwa ƙanen Batula ne kawai, wanda ya yi boko har ya ƙure shi, mai sauraron rediyo da yarukan da ba a ji. Matarsa ta rasu tun kafin ya yi ritaya. Ɗansa guda, Mannir, yana aiki a Fatakwal. Yayarsa Inna Batula ke dafa masa abinci, tana yi masa faɗa.

Ni ma kimiyyar siyasa na karanta. Na gama bautar ƙasa na dawo gida, ina koyarwa a wata ƙaramar makaranta. Shekara biyu katanga ɗaya ce tsakanina da mutumin da na haddace rubutunsa, amma ban taɓa ce masa komai ba sai ina kwana. Haka nake. A jami'a ma ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, ko da na san amsa.

Ban san abin da ya ja ƙafata ba ranar. Na dai tsinci kaina ina sallama a zaurensa da ƙunshin ƙosai a hannu.

Yana kishingiɗe a kujerarsa ta zane, ƙafafunsa sun kumbura an ɗora su kan matashi, rediyo na magana a hankali a gefensa. Ciwon suga ya riga ya ci rabin ganinsa. Na durƙusa na ajiye ƙunshin a cinyarsa. Ya kai takardar daf da idonsa, ya sunsuna, ya tambayi ko shafi na nawa ne. Na faɗa masa.

"Madalla," ya ce. "Wanga shafi bai taɓa ciyar da kowa ba sai yau."

Ya ɗauki ƙosai ɗaya ya ci, yana leƙen ƙofar cikin gida kada Inna Batula ta gani, don an hana shi abin mai. Da ƙyar na iya gaya masa cewa na karanta littafin a makaranta. Ya juyo gaba ɗaya ya tambayi abin da na gani a ciki. Bai matsa mini ba. Can na ce akwai ƙasashe a littafin, akwai kamfanoni da gangunan mai da lissafi, amma ban ga mutum ko ɗaya ba.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa sai ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Ya ce in shiga ɗakinsa in jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado.

Littattafan rubutu ne a ciki, masu taurin bango, guda ashirin da shida, kowanne da lamba a goshinsa. Da na buɗe na farko na ga ba boko ba ne. Ajami ne, Hausa da haruffan Larabci, ƙanana a cunkushe, kuma kowane shafi ya fara da Bisimillah. Nan da can akwai zane, gidaje murabba'i jere da juna, da lambobi a cikinsu.

Ya ce aikin shekara goma ne. Duk hutu sai ya ajiye kwat ya hau motar kasuwa zuwa Kebbe, Fakku, Sanyinna, Dogon Daji, ya zauna da tsofaffin manoma da makiyaya. Yana tambayarsu ta ina burtalin shanu ya bi, faɗinsa nawa, wa ke fara shayarwa a mashaya, yaya ake raba fadama da rani, yaushe ake sakin gona dabbobi su ci kara. Zanen nan gonaki ne da hanyoyin da ke tsakaninsu. Ya ce tambayar da ya yi ta kaiwa manyan biranen duniya ita ce dai a bakin mashaya: wa ke da abin, wa ke ci, wa ke kallo. Bambancin kawai, a nan mutanen suna da sunaye. Yanzu ana noma burtalai, ana faɗa har da jini, kuma kusan duk waɗanda suka san iyakokin sun rasu. Abin da suka sani yana cikin akwatin nan.

Na tambayi me ya sa ajami. Ya ce dalili biyu ne. Na farko, tsofaffin suna iya karɓa su duba su ce masa nan ka yi kuskure. Sai ya ɗaga takardar ƙosan yana murmushi.

"Na biyu, ɗiyata, na san garinmu. Garin ga ba a ƙunsa ƙosai da Bisimillah."

Daga ranar, kullum bayan la'asar ina zaurensa. Karatun Alƙur'ani na iya tun Islamiyya, amma hannunsa daban ne, ga wasu alamomi da shi kaɗai ya ƙirƙira. Ina karantawa yana gyara mini da ka, idonsa a rufe. Wani lokaci sunan wani tsoho zai sa ya tsaya ya ba ni labarin furar da aka dama masa a gidan mutumin. Yakan tsokane ni da Malama Mardiya, mai digiri a fannin shiru. Inna Batula kuwa in ta shigo da kunu takan ce masa, Siddi, ka cinye rayuwarka da takarda, yanzu kuma ta ɗiyar mutane kake so. Shi sai ya ce ai ita ma ta cinye tata da faɗa, kuma ba ta da ko shafi ɗaya da za ta nuna.

Baƙi ba su cika zuwa ba. Liman Aminullahi yakan leƙo ranar Juma'a ya yi masa addu'a. Wani lokaci wayarsa takan yi ƙara, tsohon ɗalibi yana neman ya rubuta masa takardar shaida. Ya taɓa aika saƙo zuwa sashen da ya koyar cewa a zo a kwashe littattafansa na ɗakin karatu kafin gara ta gama da su. An amsa masa da girmamawa, an ce ana nan tafe. Duk ƙarar motar da ta tsaya a layinmu sai na ga ya rage muryar rediyo, in ta wuce ya mayar.

Da damina ta kankama jikinsa ya ƙara nauyi. An kai shi asibiti a Sakkwato kwana shida aka dawo da shi. Hannunsa ya daina riƙe biro, sai ni na koma rubuta littafi na ashirin da shida, yana faɗa ina rubutawa da karkataccen ajamina. Abu ɗaya ke damunsa. Akwai taswirar burtalin Fakku a littafi na tara da bai gamsu da ita ba, kuma mutum ɗaya ya rage a raye da zai iya gyara ta, wani tsoho Ɗan'iya. Hanyar Kebbe ba ta biyuwa yadda aka saba, Farfesa kuma ƙafa ta ƙi. Ya ba wani mai motar kasuwa saƙo a kai masa, muka yi ta jira.

Wata rana ya ce akwatin nan ni zai bar wa, zai gaya wa Mannir in ya zo da Sallah. Na sunkuyar da kai, ban ce to ba, ban ce a'a ba.

Ranar Asabar ce, da hantsi, babu makaranta. An yi ruwa da safe, zauren na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yana yi mini shifta a kan mashayar Sanyinna. Ya ce, "Rubuta. Shekarar da ruwa yaj janye, dattawan gari sunka ce…" Sai ya tsaya.

Ya saba tsayawa haka, wani lokaci minti biyar yana neman kalma, kuma ba ya son a katse shi. Na riƙe biro ina jira. Wata kaza ta shigo zauren ta zaga ta fita. Ruwa na ɗiga daga indararo cikin bokiti. Na dubi idonsa a rufe, hannunsa a kan rediyo, na ce a raina barci ne. Sau biyu na buɗe baki in ce Baba, sau biyu na rufe, kada in tashe shi. Ina nan zaune Inna Batula ta shigo da kofin kunu. Kallo ɗaya ta yi masa ta ajiye kofin a ƙasa a hankali, ta fara salati.

Har yau ban san tsawon lokacin da na yi ina jiran ƙarshen jimlar ba.

An kai shi makwancinsa bayan azahar. Mannir bai iso ba sai washegari da yamma, a gajiye, idanunsa jawur. Mutanen unguwa sun cika zaure, dangi sun zo daga Dogon Daji. Daga duniyar da ya yi wa aiki shekara talatin da biyar kuwa, waya biyu aka bugo, sai wani dogon saƙo na Turanci da Mannir ya karanta shi kaɗai ya mayar da wayar aljihu.

Ran kwana biyu, ina wanke kofuna a tsakar gidan makokin, na ji Inna Batula tana ba mahaifiyata labari da wata murya da ban san ta da ita ba. Wai an buɗe akwatin Siddi gaban Liman. Liman ya buɗe littafi ɗaya, ya ga Bisimillah, ya ga hatimai jere da lambobi, ya rufe da sauri, ya ce ba a karanta asirin wani. Ya ce tun da gara ta fara taɓa gefen wasu, kuma sunan Allah ne a kowane shafi, abin da ya dace a binne su a wuri mai tsarki kamar yadda ake yi wa tsofaffin takardun Alƙur'ani, kada su faɗa hannun wanda bai san darajarsu ba. Gobe bayan addu'ar uku za a yi.

"Ashe Siddi malami ne ba mu sani ba," in ji ta, tana share ido da bakin gyale. "Ni ina ta yi mai faɗan boko, ashe shina nan shina aikin lahira tai."

Ta juyo ta dube ni, ta ce ni na yi sa'a, ko ba komai ya ɗan ba ni wani abu daga ciki. Na so in ce mata ba asiri ba ne. Na dubi fuskarta, karo na farko tun rasuwar da na ga haske a kai, sai na ci gaba da wanke kofuna.

Da safe na ji an shafa fatiha, na ji takalman mutane suna watsewa. Ina zaune a ɗakina na jingina da katangar nan. Can sai na fara jin diga tana sarar ƙasa a bayan gidansu, wajen bishiyar lemo. Ƙasar damina ce, ba ta da wuya. Na ƙirga sara goma sha ɗaya. A na sha biyu na ɗauki hijabi.

Maza bakwai ne a wurin. Mannir na cikin ramin har gwiwa, ya naɗe ƙafar wando. An ƙunshe littattafan cikin farin ƙyalle an ɗaure, Liman na riƙe da ƙunshin a hannu biyu kamar jariri. Inna Batula na tsaye daga bakin ƙofa. A jikin katanga wasu baƙi uku sun tsuguna, ƙafafunsu duk laka.

Na yi sallama, ba wanda ya ji. Mannir ya fito daga ramin, Liman ya fara sunkuyawa.

"Allah gafarta Malam." Muryata ta fito da ƙarfin da ya ba ni tsoro. Duk suka juyo. "Ba asiri ba ne."

Liman mutum ne mai sanyi. Ya ce ya san ina zuwa wajen marigayi, ya san ina jin zafin rashin, amma wannan abu ne na malamai, in koma wajen mata. Na roƙe shi ya ba ni littafi na tara kawai in karanta shafi ɗaya, in bai gamsu ba a binne. Ya dubi Mannir. Mannir ya share gumi ya ce shi bai iya karanta ko ɗaya ba, a ba ta.

Aka kwance ƙyallen. Na durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa na buɗe inda na sani. Na yi Bisimillah kamar yadda aka rubuta, na ci gaba.

"In ji Ɗan'iya ɗan Sama'ilu na Fakku: burtali ya taso daga tsamiyar bakin rafi, ya bi gabas da gonar Sarkin Noma, ya sauka mashaya. Faɗinsa taki arba'in, kuma ba a…"

"Arba'in da biyar."

Ɗaya daga cikin baƙin ne, wani siririn tsoho mai farin gemu da sanda tsakanin gwiwoyi. Ya miƙe da ƙyar ya matso. Ya ce tun a lokacin ya gaya wa Malam Siddiƙu arba'in da biyar ne, takin babban mutum, amma ana hayaniyar kasuwa bai ji da kyau ba. Ya ce saƙon ya same shi makonni uku da suka wuce, ruwa ya cinye hanya, da ya samu mota kuma sai ga labarin rasuwa. Ya karɓi littafin, ya nisanta shi da idonsa, ya ɗora yatsa a kan ɗaya daga cikin gidajen murabba'in da Liman ya ɗauka hatimi.

"Wagga gonar babana ta. Wagga ta Kulu ce, da tac ci gado. Nan shanu ka bi."

Liman ya karɓa ya duba da kyau wannan karon, leɓunansa na motsi, har ya kai ƙarshen shafin. Ya yi istigfari a hankali. Sannan ya ce duk da haka sunan Allah na kai, ga gara, ga Mannir zai koma Fatakwal jibi. Wa zai riƙe su da tsarki, ya kiyaye su?

"Ni," na ce.

Mannir ya ce wallahi shi ya fi son haka. Ya jingina digar da bishiya. Na ɗaga kai in nemi idon Inna Batula, sai na ga bakin ƙofar babu kowa.

Ɗan'iya ya ce dole su kama hanya kafin la'asar, don ba a yin yamma a hanyar Kebbe yanzu, amma yana da sa'a biyu, kuma ba takin kaɗai ke buƙatar gyara ba. Tsamiyar ma ta faɗi bara. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ni na zauna a dokin ƙofar cikin gida, inda na saba zama. Ba a ɗauke kujerar zanen ba tukuna. Matashin ƙafa na nan, rediyon na kan hannun kujera a kashe.

Muna shirin farawa Inna Batula ta fito da kunu kofi biyu. Ta ajiye wa baƙo ɗaya, ta ajiye ɗaya kusa da ni ba tare da ta dube ni ba. Na ce mata ta yi haƙuri. Ta daɗe tana kallon littattafan da ke jibge a kan farin ƙyallen.

"Gonaki," ta ce. "Shekara goma, gonakin mutane." Ta ja numfashi. Na ɗauka za ta koma ciki, sai ta zauna a ƙasa ta jingina da bango ta miƙe ƙafa.

Na buɗe littafi na ashirin da shida. Jimlar tana nan inda ta tsaya, dattawan gari sunka ce, sai farar takarda. Ban taɓa ta ba. Na juya sabon shafi na rubuta Bisimillah a sama da karkataccen hannuna.

Tsohon ya kurɓi kunu, ya gyara murya, ya fara daga inda tsamiyar ta faɗi. Ruwa ya soma yayyafi a waje, ina jin saukarsa cikin ramin da ba a cike ba. Yana magana a hankali, yana tsayawa in gama rubutawa, amma ba ni yake kallo ba. Kujerar yake kallo.